Ƙaya, Tsakuwa da Tsumma: Masu Cinye Fentin Mota a Hanyar Daji

Mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, da ma'aikacin lafiya mai kai allurar riga-kafi, da manomin da gonarsa ke can bayan gari, duk sun san yadda gefen mota ke komawa bayan shekara guda a hanyar burji: layi-layi tun daga fitilar gaba har ta baya, sheƙin kuma ya dushe. Ƙaya ake ɗora wa laifi. Tana da nata kason, amma ɓarna mafi yawa a gida ake yin ta, bayan an dawo lafiya.

Fentin mota ba shi da kaurin da ake zato. Hawa-hawa ne: na ƙasa mai kare ƙarfe daga tsatsa, sai na launi, sai wani garai-garai a sama wanda shi ke ba mota ƙyalli. Duka a haɗe, a yawancin motoci ba su kai kashi 1 cikin 5 na milimita ba. A kamfani ana gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 140, tun kafin a sa wa motar waya da kujeru da robobi. Mai fentin gareji, komai gwanintarsa, ba shi da wannan dama. Shi ya sa dillali a bakin kasuwa yake fara shafa ƙofa yana tambaya, "Alhaji, fentin kamfani ne ko an taɓa shi?" Amsar kuwa tana iya zabge kuɗi mai yawa.

A kan hanya, maganar ba ta da tsawo. Farar ƙaya, bagaruwa, magarya da aduwa sun fi cizo da rani, lokacin da reshe ya bushe ya yi tauri. Idan hanya ta matse, a rage gudu, a naɗe madubi, a sa wani ya sauka ya riƙe reshen har mota ta wuce. Adda a but tana da amfani, amma ban ce a sare wa mutane shingen gona ba. Ita kuwa tsakuwa, tayar motar da ke gabanka ce ke harbo ta, don haka bin tifa ko tirela bumba-da-bumba ganganci ne. Robar nan da ke rataye bayan taya, wadda in ta yage ake mantawa da ita, ita ke tare tsakuwar da tayarka ke watsa wa ƙasan ƙofa. In za a ɗaure kaya a saman mota, a sa kwali ko tsohon zane a ƙarƙashin igiya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta sauke mana. Ga kuma yashin hanya da ya manne. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, balle fenti. Direba ya tashi da safe, ya ɗauki busasshen tsumma ya bi motar da guga, yana ganin tsabta yake yi, alhali samfefa yake ja mata. Zagayayyun zanen da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska, wannan hannu ne ya yi su, ba ƙaya ba. Haka ma tamfol da aka lulluɓa wa mota mai ƙura: iska na kaɗa shi, shi kuma yana gurzar fentin har gari ya waye.

Wajen masu wankin mota ma sai ka tsaya da kanka. Soso ɗaya ne yakan wanke taya ya koma kan bonet, bokiti ɗaya kuma ya yi mota uku. Ka sa a fara kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa har ƙurar ta sauka kafin soso ya taɓa jiki. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, taya kuma da nata soson daban. Omo na tufafi ne. Yana wanke man kariyar da aka shafa wa fenti. Busasshiyar jar laka a jiƙa ta har ta saki da kanta, kar a kankare, a kuma bi ƙarƙashin mota da ruwa, domin lakar da ta maƙale a can tana riƙe laima ta kira tsatsa. Wanki da tsakar rana, musamman da ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri, tabo yake bari.

Kafin tafiya, man kakin da ake shafa wa mota duk bayan wata biyu ko uku yana sa reshe ya zame maimakon ya kama. Wanda ke da hali, akwai leda garai-garai mai kauri da ake mannawa, irin wadda kamfanin 3M ke yi. Ita ce kariya ta gaske, kuma ba dole a rufe motar duka ba, bakin bonet da madubi da ƙasan ƙofofi sun isa. Mai ƙaramin ƙarfi ya manna salatif ɗin masu fenti a waɗannan wurare, ya ɓare da ya dawo, kafin rana ta gasa gam ɗin. Amma duk wanda ya ce maka ruwan siramik da ake shafa wa fenti zai hana ƙaya zanen mota, kuɗinka yake so. Yana sauƙaƙa wanki, yana ƙara sheƙi, iyakarsa ke nan.

Idan an riga an karce, ja farce a kai. In bai kama ba, a saman fenti zanen ya tsaya, folish zai ɓatar da shi, sai dai kowane folish yana rage kaurin wannan hawa na sama, don haka ba abin yi kullum ba ne. In farce ya kama, ko ƙarfe ya bayyana, a ɗiga fenti a wurin kafin damina ta faɗi. Lambar launin motar tana rubuce a wani ɗan faranti ko sitika a bakin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet. Kar kuma a saurari mai cewa a goge zanen da man birki, domin ɗaye fenti yake yi.