Amsoshin Tambayoyinku: Rubutu A Kan Kabari

Tambaya: Wani mai sauraronmu daga Darmanawa, Tarauni, Kano, yana tambaya, shin mutanen da suna rubutu a kan kaburbura?

Amsa: To malam, Rumawa sun yi. A bayan gari suke binnewa, bakin hanya, su sassaƙa sunan mamaci da shekarunsa, wani har da sana'arsa, a jikin dutse. Har yau ana karantawa.

Mu kuwa, a Durɓi ta Kusheyi, wajen Mani a Jihar Katsina, an tona kusheyin manya a 1907 da 1992. An samu zinariya da tagulla da kuɗin wuri, amma labarin masu su sai a bakin dattawa.

Saboda haka, in garmarka ta ci karo da tsohuwar kushewa, kada ka tona. Sanar da mai unguwa, tarihinmu ne kwance.