KIWON TSIRYA A GIDA

Tsirya ƙaramar tsuntsuwa ce dangin aku, koriya, mai doguwar wutsiya da jan baki. Namijin yana da zobe a wuya, wanda ba ya fitowa sai ya girma. Ana samun ta a dazuzzukan Arewa, inda take kiwo rukuni-rukuni, tana yin ƙwai a kogon itace. Idan ta sami kulawa takan kai shekara 20 ko fiye. Saboda haka duk wanda ya ɗauki tsirya ya ɗauki amana ta lokaci mai tsawo.

Keji

Wajibi ne keji ya kasance mai faɗi, yadda za ta buɗe fikafikanta ba tare da sun taɓa ƙarfe ba. A rataye shi a inuwa, nesa da hayaƙin madafa da inda kyanwa za ta kai. A sa mata reshen itace da za ta riƙa gwaguya. Tsirya ba ta son kaɗaici, wadda aka yi watsi da ita takan shiga fige gashinta.

Abinci

A ba ta gero da dawa da masara, a haɗa mata da gwanda, gwaba, mangwaro da karas. Gyaɗa kaɗan ta isa, amma ban da wadda ta yi fumfuna. Kada a ba ta fiya ko goro ko abinci mai gishiri, domin suna iya halaka ta. A sake mata ruwa kullum.

Lafiyar Iyali

Akwai cutar da ake ɗauka daga ƙurar busasshen kashin tsuntsaye dangin aku. Alamunta su ne zazzaɓi da ciwon kai da tari. Don haka a yayyafa ruwa kafin a share keji, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Wanda ya ji waɗannan alamu ya hanzarta zuwa asibiti, ya shaida wa likita cewa yana kiwon tsuntsu, gama cutar tana da magani. Tsiryar da ta daina cin abinci kuwa a kai ta wurin likitan dabbobi.

Gargaɗi

Tun shekarar 2017 yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya ke cikinta, ta hana cinikin aku mai jar wutsiya da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda yawansa ya ragu ƙwarai. Ana roƙon jama'a su daina ɗebe 'ya'yan tsirya daga kogo, don kada abin da ya sami aku ya same ta.