Malaman Kimiyya Da Aikin Bincike: Darasi Daga Birnin Kudu Da Gwaram

Mutane da yawa, har da waɗansu ma'aikata masu ilmi, suna zaton aikin malamin kimiyya a kwaleji shi ne ya tsaya gaban allo ya bayyana abin da ke cikin littafi, in jarrabawa ta zo ya ba da maki. Wannan kashi ɗaya ne kurum cikin uku. Na biyu shi ne bincike, watau neman sanin abin da ba a rubuta ba tukuna. Na uku kuwa shi ne mai da abin da aka gano wurin jama'a don su amfana. In aka tambayi malamanmu abin da ya sa na biyun ya yi ƙaranci, amsar da aka fi ji ita ce rashin kayan aiki. Lalle kayan aiki suna da wuyar samu. Amma bari mu dubi ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, mu ga ko abin bincike ya yi mana nisa.

A duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, yawancinsa da jan launi. Akwai kuma duwatsun da in an buga su sai su yi amo kamar kuge. Mutanen gari sun san su tun kaka da kakanni. A 1955, lokacin Birnin Kudu tana cikin Lardin Kano, wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos, ya bincika duwatsun nan masu amo, a 1956 ya buga bayaninsu a wata mujallar masana ta Ingila. Daga nan ne sunan Birnin Kudu ya shiga littattafan masana na duniya. Babban abin da ya yi aiki da shi kuwa ido ne da kunne da alƙalami, da tambayar masu gari.

To, ku duba yadda abu guda yake raba wa malamai aiki, kowa da fanninsa. Masanin duwatsu zai duba irin dutsen, da yadda ya zauna bisa ɗan'uwansa, har ya sami sararin yin amo. Malamin fizis zai auna muryar kowane gurbi da aka daɗe ana bugawa. Malamin kemistiri zai bincika launin. Nan akwai wuya, domin hanyar auna shekarun abu da Willard Libby ya fitar a Amurka wajen 1949 tana bukatar abin da ya taɓa rayuwa, kamar gawayi ko ƙashi, jar ƙasa kuwa tsatsar ƙarfe ce.

Masanin dabbobi shi ya fi samun rabo mai tsoka. Shanun da aka zana ba su da tozo, alhali shanun da Fulani ke kiwo a ƙasar nan, kamar bunaji da rahaji, masu tozo ne. Marasa tozo, irin su muturu, galibi a kudu ake samunsu, inda ƙudan tsando ya yi yawa, gama sun fi jure sammore. Ashe zanen nan shaida ne cewa irin dabbobin ƙasar ya sake. Yadda aka yi ya sake, da abin da ya faru ga daji da ruwan sama a tsakani, tambaya ce da ta isa ta riƙe malami shekaru.

Kada a ce bincike sai kan abin da ya wuce. A ƙasar Gwaram, inda kogin Bunga ya ratsa, jama'a manoma ne, kuma akwai tambayoyin da suka shafi cikinsu da lafiyarsu. Ga tsargiya, cutar nan mai sa yaro fitsarin jini, sananniya a garuruwan bakin ruwa na Arewa. Theodor Bilharz ya ga tsutsarta a Alƙahira a 1851, a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da yadda take bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa kafin ta shiga fatar mai wanka. Maganinta yana nan. Amma sanin wane kududdufi ne ke da dodon koɗin, kuma a wane wata ya fi yawa, wannan ba ya cikin littafin kowa. Malami da almajiransa da gwangwani da rariya sun isa su fara, su kai sakamakon ga ma'aikatan asibitin Gwamnatin Tarayya na Birnin Kudu.

Ga kuma ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, mai tsotse saiwar dawa da gero. Tushe guda yana zubar da iri dubbai, irin kuwa yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. Masana a Samaru, wadda ta zama sashen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun fitar da ire-iren iri masu jure shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai: gonar makaranta ita ce wurin da za a shuka iri biyu gefe da gefe, a auna amfanin kowanne, manoma su zo su gani.

Amma fa malami shi kaɗai ba ya bincike. Shugaban sashe shi ke raba darussa yadda kowa zai sami lokacin fita daji. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje shi ke tsabtace madubin nan mai ƙara girman abu, ya daidaita ma'auni, in kuwa ma'auni ya karkace, duk lissafin ya tashi banza. Mai kula da littattafai shi ke adana rahoto don na baya. Akawu ma yana da nasa rabo, gama rajistar kasuwa da ta ɗakin shan magani da lissafin ruwan sama su ne hatsin da mai bincike yake niƙawa. Ku tuna da kurkunu. An ga na ƙarshe mai ɗauke da shi a Nijeriya a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi. Da ba a riƙa rubuta kowane majiyyaci ƙauye ƙauye ba, da ba a san inda za a tace ruwa ba.

Saboda haka shawararmu ga kowane malamin kimiyya ita ce ya zaɓi tambaya guda daga ƙasar da yake aiki, ya buɗe mata littafi, ya riƙa rubuta kwanan wata da wuri da adadi. In an yi masa canji, ya miƙa littafin ga wanda ya gaje shi. Akawu kuma ya rubuta abin da ya gani daidai, kada ya cika gurbi da kintace. Ɗalibin da ya ga malaminsa yana haka, shi ma haka zai yi ranar da aka ba shi aji.