Cinikin Roba Da Sinadarin Itace, Da Rabon Ƙasar Hausa A Ciki

Wanda duk ya ratsa Tudun Wadar Zariya da hantsi, sa'ad da almajirai suka zauna karatu a zaure, in ya dubi abin da ke gaban yaro guda zai ga kaya huɗu: allo, da kurtun tawada, da gafaka, da buta. Uku daga cikinsu itace ne asalinsu. Allon an sassaƙo shi daga gungume, tawadar gawayi ce da ƙaro, gafakar kuwa fata ce wadda majemi ya jeme da bagaruwa. Butar kaɗai ce baƙuwa, ita ta roba ce, robar kuwa daga ɗanyen man fetur aka same ta. To, ku sani, ya ku malamai da fatake, yau a ƙasashen Turai akwai attajirai masu zuba dukiya mai yawa don su mai da ita butar ma 'yar itace, kuma labarin ya kai kunnen 'yan kasuwa har waɗansu na tambaya ko akwai abin samu a ciki.

Bayanin al'amarin shi ne, masana sun tarar jikin itace abu uku ne a haɗe. Akwai zare, wanda Turawa ke ce wa selulos, shi ne kusan rabin nauyin busasshen itace, kuma jinsinsa ɗaya da zaren auduga. Akwai wani ɗan'uwansa mai sauƙin narkewa. Sa'an nan akwai danƙon da ya liƙe su, ya ba itace ƙarfin tsayuwa, sunansa liginin, shi kuwa wajen rubu'i ne. In aka dafa itace da magani aka raba ukun nan, zaren ya zama takarda ko tufa, ko a mai da shi sukari, sukarin kuma a juya shi ya zama ruwan da a ke ƙera kwalabar roba da shi. Danƙon a da ƙone shi a ke yi a tanderun ma'aikata, yanzu a kan sa shi cikin siminti da gam da tayar mota.

Kada a zaci sabon abu ne. Robar farko da aka fara ciniki da ita a duniya daga zaren tsiro aka yi ta. Wani Bature, Alexander Parkes, ya nuna irinta a London a 1862, wani Ba'amurke kuma, John Hyatt, ya kyautata ta wajen 1870, aka riƙa yin mataji da majigi da ita. A 1892 aka gano yadda za a narkar da zaren itace a saƙa yadi mai sheƙi kamar siliki, irin wanda 'yan Kantin Kwari suka sani da sunan rayon. Har hayaƙin gawayi ma ba su bari ya tafi banza ba, a tukunyar ƙarfe su ke toya itacen, su tare tururin, su tace ruwan tsami da kwalta da wani sinadari mai kamawa da wuta, watau metanol. Wannan ciniki ya bunƙasa ƙwarai a Amurka da Jamus, har 1923, shekarar da kamfanin BASF na Jamus ya fara haɗa metanol daga iskar kwal da araha. Ba a daɗe ba masu toya itace suka fara rufe ma'aikatunsu. Da man fetur ya zo bayan yaƙin duniya na biyu, sai ya ƙarasa abin da kwal ya fara.

Wannan shi ya kamata ɗan kasuwa ya fara riƙewa: itace ya taɓa riƙe kasuwar nan, araha ce ta kore shi, kuma arahar ba ta tafi ba. A 1950 robar da duniya ta yi ba ta wuce ton miliyan 2 ba, a 2022 ta kai wajen ton miliyan 400. A cikin wannan tuli, wadda aka yi daga tsiro ba ta cika kashi 1 cikin 100 ba, mafi yawanta ma daga rake da masara ta fito, don sukarinsu a fili ya ke, na itace kuwa sai an sha wuya kafin a kai gare shi.

Me ya sa dai su ke komawa? Sabo da roba ta zama annoba. Ba ta ruɓewa, ta toshe magudanai, ta cika gonaki, kuma kowane mahauci a Zariya ya san abin da ya kan tarar a tumbin saniya in ya feɗe ta. Hukumomi sun fara sa doka, jihar Legas ma ta hana robar zuba abinci mai kumfa a watan Janairu na 2024. Har wa yau masu saye a Turai sun yarda su ƙara kuɗi kaɗan kan abin da aka ce ba na fetur ba ne. A kan wannan ƙarin ne masu jarin suka dogara.

Ga misali guda wanda ya isa a yi awo da shi. A 2020 kamfanin UPM na ƙasar Finlan ya ƙudura gina ma'aikata a garin Leuna na Jamus, wadda za ta riƙa mai da itacen dajin ƙasar sinadari ton 220,000 a shekara. Suka ƙiyasta Yuro miliyan 550, suka ce za a fara aiki a ƙarshen 2022. Kuɗin ya haura Yuro miliyan 1,000, aikin kuma bai soma ba sai bayan shekara biyu, shi ma sannu sannu. Waɗannan fa mutane ne da suka gaji sana'ar itace kaka da kakanni, ga daji a bayan gida, ga jirgin ƙasa, ga lantarki ba ya yankewa. Wanda ya fi su daɗewa cikin cin riba shi ne kamfanin Borregaard na Norwe, shi kuwa bai yi gasa da fetur a kan leda da bokiti ba. Ya tsaya kan abu kaɗan mai tsada, kamar ƙamshin banila da a ke sa wa alewa da biskit, wanda ya ke tatsa daga danƙon itace tun 1962.

In an dawo gida, lissafin ya fi haka nauyi. Nijeriya ta taɓa gwada dafa itace: an kafa ma'aikatar takarda a Jebba a 1969, da ta Oku Iboku a 1986, da ta Iwopin, aka dasa malaina don ciyar da su, amma a cikin shekarun 1990 duk suka durƙushe. Gefe guda kuma matatar Ɗangote a Legas ta fara fitar da ƙwayar roba ta fetur a 2025, wadda masu ƙera bokiti da buhu a Sharaɗa da Bompai ke bukata. Wanda zai kawo musu robar itace sai ya kayar da wannan farashi. Da wane daji kuma? Ƙasar Hausa ba ta da itacen da ya ishi murhu, balle tanderun ma'aikata. Duk buhun gawayin da aka sauke a kasuwar Tudun Wada, an toya itace mai nauyinsa biyar ko fiye kafin a same shi, hayaƙin da Turawa suka taɓa sayarwa kuwa ya bi iska. Don haka wanda aka zo masa da takarda mai zane aka ce ya sa hannun jari a ma'aikatar robar itace a Arewa, ya tambayi inda itacen zai fito kafin ya tambayi riba.

Amma fa ƙasar nan na da nata rabon, kuma rabon yana jikin itacen da ba a sare ba. Na farko ƙaro. Abin nan da almajiri ke jiƙawa ya zuba a tawada don ta kama allo, shi ne masu lemon kwalba da masu alewa da masu ƙwayar magani ke nema a duniya duka, don yana haɗa mai da ruwa su zauna ba su rabu ba, kuma har yanzu ba a sami abin da ya maye gurbinsa sosai ba. Darajarsa ta kai a 1997, da Amurka ta sa wa Sudan takunkumin ciniki, sai da ta buɗe wa ƙaro ƙofa. Sudan ce uwar wannan ciniki, wajen sulusi biyu na ɗanyen ƙaron da a ke fitarwa nata ne, babbar kasuwarsa kuwa Al-Ubayyid ta Kordofan, garin da alhazan ƙasa na da suka sha yada zango a cikinsa. Cadi da Nijeriya ke biye. Da yaƙi ya tashi a Sudan a watan Afrilu na 2023, hanyoyi suka rikice, masu saye suka shiga waiwayen wasu ƙasashe.

Ƙaron da ya fi daraja na dakwara ne, shi a ke kira lamba ɗaya, na dushe kuma lamba biyu. Barno da Yobe da Jigawa su ne gidansa, a Gashuwa ma akwai tashar bincike a kansa. Dakwara ba ta son ƙasa mai daɗi, a jigawa ta ke jin daɗinta, ta kan fara ba da ƙaro tana da shekara huɗu ko biyar. Bayan ɗaukewar ruwa, in ganye ya fara zuba, a ke ɗaye ɗan ɓawon reshe, a jira kamar mako biyar, a zo a tsinci dunƙulen da ya daskare, a yi ta komawa har bazara. Abin da itace guda ke bayarwa a shekara bai cika rabin kilo ba, shi ya sa mai gaggawa ya kan ga gara ya sare ya toya. Sai dai gawayin sau ɗaya a ke sayar da shi, ƙaron kuwa shekara goma sha biyar ko fiye a na tsinta, ga kuma ƙasar da ke ƙarƙashin itacen tana ƙara ƙarfi.

Illar cinikin biyu ce. Ɗaya algus: a gauraya na dakwara da na dushe, a bar ɓawo da yashi a ciki, mai saye kuwa yana da ma'aunin da ke tona asiri, in ya kama buhu guda sai ya karya farashin kayan gari duka. Ta biyu, ɗanye a ke fitar da shi. Faransa, wadda ba ta da dakwara ko guda, ita ce kan gaba wajen sayar da tataccen ƙaro, a can a ke narka shi, a tace, a busar ya zama gari, a nan ne kuma mafi yawan ribar ke zama. Injin da ke wannan aiki bai kai ko kusa da kuɗin ma'aikatar Leuna ba, abu ne da attajiran Kano za su iya haɗa kai su saya.

Na biyu bagaruwa. Da ita majeman Kano da Sakkwato suka jeme fatar jar akuya, dukawa suka rina da karan dafi, ayari ya kai ta Gadamas da Tarabulus, Turawa suka saya suna ce mata fatar Maroko. Yau mafi yawan fatar duniya da gishirin kurom a ke jeme ta, don ya fi sauri, amma ruwansa na ɓata rafi, sabo da haka akwai masu saye da ke neman jimar itace musamman. A Afirka ta Kudu sun daɗe suna tatsar irin wannan sinadari daga ɓawon wani ɗan'uwan bagaruwa, su mai da shi gari su cika buhu, har gam na liƙa katako su ke yi da shi. Bagaruwar Arewa kuwa har yanzu a mudu a ke auna ta, alhali ita ba a ko ɗaye ɓawonta, 'ya'yan ne ke zubowa. Masu ilmin abin kuma ba su da nisa: cibiyar binciken sinadarai ta ƙasa tana Basawa tun 1988, ta fata tana Samaru, duka biyu tafiyar ƙasa da sa'a guda ce daga Tudun Wada. Falken da ke da bagaruwa ko ƙaro a rumbu, can ne zai kai samfur a auna masa ƙarfinsa kafin ya yi magana da mai saye na waje.