TSOHUWAR KWAMFUTA DA SABON MADUGU: YADDA AKE ƊORA LINUX

Ran 14 ga watan Oktoba na shekara ta 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga tsarinsa mai suna Windows 10. Ya bar ƴar ƙofar ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, amma ga mai zaman kansa wa'adin nan an yanka shi ne zuwa Oktoba 2026. Kwamfutar da ke aiki da wannan tsari ba ta mutu ran nan ba: tana tashi, tana buga takarda kamar kullum. Sai dai ta zama kamar katangar ƙasa wadda aka daina yi wa yaɓe. Damina ta fari ba za ta kayar da ita ba, amma kowace tsaga da ta buɗe haka za ta zauna, ɓarayin intanet kuwa tsaga suke nema.

Magajinsa, Windows 11, ba kowace na'ura yake karɓa ba. Yana neman wani ɗan guntun ƙarfe na tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma galibin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba sa cikin jerin waɗanda ya yarda da su. To, da yawa daga kwamfutocin hannu da ke buro-buro da lekol-lekol, da waɗanda ake sayarwa a kasuwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, an riga an yi aiki da su a wata ƙasa kafin su iso. Lafiyarsu lau, shekarunsu kaɗai ne laifinsu. Ma'aikacin da ya tara kuɗin wata da watanni ya sayi irin wannan na'ura ba zai jefar da ita ba don wani kamfani ya ce ta tsufa. Akwai wata hanya, sunanta Linux.

Mene ne shi, kuma na wane ne?

Kowace kwamfuta tana da tsarin da ke tafiyar da ita, wanda a buro ake ce wa «système». Shi ne kamar madugu a ayari: shi ke cewa wane kaya za a ɗora, wa zai wuce gaba, ina za a sauka. Windows madugu ne da ake biya, kuma babu mai ikon leƙa yadda aka gina shi sai masu shi. Linux kuwa a buɗe yake. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya soma aikin da ya kira GNU domin a sami tsarin da kowa ke da ikon yin aiki da shi, ya duba cikinsa, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi na jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, yana da shekara 21, ya rubuta zuciyar tsarin, aka haɗa biyun. Saboda haka wanda ya kwafi Linux ya ba maƙwabcinsa bai yi sata ba. Takardar izinin da kanta ce ta ba shi wannan iko. Wannan ya bambanta da faifan Windows na jabu da ake ɗora wa mutane a bakin kasuwa, wanda sau da yawa yakan zo da cutarsa a ciki.

Kada a ɗauka wasan yara ne. Jandarmomin Faransa sun soma komawa kan Linux a 2008, kuma zuwa 2024 na'urorinsu fiye da 100.000 da shi suke aiki. Jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar Jamus ta yanke shawara a 2024 za ta juya kwamfutoci wajen 30.000. Amma gaskiya ɗaya ce: birnin Munich ya ɗauki wannan hanya a 2003, sa'an nan majalisarsa ta ƙuduri komawa Windows a 2017, bayan doguwar gardama kan takardun da ba sa daidaita da na sauran ma'aikatu. Abin da ke kayar da irin wannan aiki galibi rashin shiri ne da rashin koyar da ma'aikata.

Linux iri-iri ne. Akwai Debian, wanda aka kafa a 1993; akwai Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito da shi a 2004. Ga wanda hannunsa ya saba da Windows, mafi sauƙi shi ne Linux Mint, wanda wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya soma a 2006. Fitowarsa ta 22, ta shekarar 2024, an yi alkawarin kula da ita har 2029. Ba ya neman abu mai yawa: giga 2 na ƙwaƙwalwar aiki, ko da yake 4 ya fi, da giga 20 na wuri a faifai. Yana da riga uku. Cinnamon ita ce mai kyan gani; MATE da Xfce sun fi sauƙin nauyi, su suka dace da na'urar da ta ga jiya ta ga yau.

Kafin a taɓa kome

Abu na fari, kuma wanda ya fi duk sauran nauyi: a kwashe takardu. Rahotanni, jerin sunayen ɗalibai, lissafin ƙungiyar manoma, hotunan iyali, duka a kwafe su a wani faifai na waje, sa'an nan a buɗe su a wata na'ura dabam a tabbata sun kwafu. Ɗora sabon tsari yana iya share faifai ƙarƙaf cikin ƙiftawar ido, kuma abin da ya tafi ta wannan hanya da wuya ya komo. In na'urar ta gwamnati ce, ba a taɓa ta sai da izinin shugaban ma'aikata da masu kula da kwamfutoci na wurin.

Bayan haka sai a sauko da tsarin daga gidansa na ainihi, linuxmint.com. Nauyinsa ya kusa giga 3, saboda haka gara a nemi wurin da intanet ke da ƙarfi da araha. Saukowa ɗaya ta isa na'ura goma ko hamsin. A nan akwai wani ɗan aiki da mutane ke ƙyalewa. Kusa da kowane fayil masu shi sukan buga wata doguwar lamba da ake kira SHA256, wadda take kamar hatimi a bakin buhu. In lambar fayil ɗin da aka sauko ta yi daidai da tasu, buhun bai ɓalle ba. Ba tsoro ne na banza ba: a watan Fabrairu 2016 wasu ɓarayi sun kutsa shafin Linux Mint, suka sa mutane suka sauko da gurɓataccen fayil har tsawon yini guda.

Sai a nemi kile USB mai giga 8, wanda ba a bukatar abin da ke cikinsa, domin zai goge. Ba a kwafa fayil ɗin a kai kamar yadda ake kwafa hoto. Ana amfani da wani ɗan shiri, kamar Etcher ko Rufus, shi zai mai da kile ya zama abin da kwamfuta ke iya tashi da shi. A cika batir, a kuma bar waya a jikin kuran. Yankewar wuta a tsakiyar aiki tana iya barin na'ura ba tsohon tsari ba sabo.

Gwaji, sa'an nan ɗorawa

A soka kile, a kunna na'ura, a yi ta danna maɓallin da ke buɗe jerin wuraren tashi: F9 a galibin HP, F12 a Dell da Lenovo. A zaɓi kile. Cikin minti kaɗan Linux Mint zai bayyana a allo, alhali bai rubuta ko harafi ɗaya a faifan na'urar ba. Wannan ita ce babbar falalarsa, ana ɗanɗana miya kafin a saya. A gwada wifi, a gwada sauti, a gwada kamara da linzami, a haɗa injin buga takardu na buro a gani ko ya gane shi. In wani abu ya ƙi, a cire kile, na'ura ta koma yadda take.

In kome ya yi, sai a danna «Install Linux Mint». Zai tambayi harshe, a zaɓi Faransanci. Zai tambayi jerin haruffa, a nan kuwa a dubi na'urar da ido: wadda ta fito daga Faransa layinta na sama yana farawa da AZERTY, wadda ta biyo ta Nijeriya ko Amurka tana farawa da QWERTY. Wanda ya zaɓi ba daidai ba zai buga A ya ga Q, kuma mafi muni, zai sa kalmar sirri da shi kansa bai san abin da ya rubuta ba. A yarda da «codecs multimédia» domin bidiyo da sauti.

Tambaya ta gaba ita ce mai haɗari. «Effacer le disque» yana nufin a share kome, Linux ya zauna shi kaɗai. «Installer à côté de Windows» yana nufin a raba faifai biyu, kowace safiya mai na'ura ya zaɓi wanda zai shiga. Ga wanda har yanzu aikinsa ke rataye da wani shiri na Windows, na biyun ya fi hankali. Amma in Windows ya kulle faifansa da BitLocker, sai an buɗe kullen tukuna. Zaɓi na uku, «Autre chose», a bar wa gwanaye. Daga nan a nuna Yamai a taswira domin agogo, a rubuta suna da kalmar sirri. Ma'aikacin da ke yawan rangadi da takardun hukuma yana iya zaɓar a kulle jakarsa ta hanyar «Chiffrer mon dossier personnel», ɓarawo ya sami ƙarfe bai sami takarda ba. Amma fa wanda ya manta kalmar, shi ma ya zama baƙo a gidansa. A na'ura mai lafiya ɗorawar ba ta cika wuce rabin awa ba.

Kwana na fari

Da an tashi, a buɗe «Gestionnaire de mises à jour», mai alamar garkuwa a ƙasan allo, a bar shi ya sauko da gyare-gyare. A kunna Timeshift, wanda ke ɗaukar hoton tsarin domin in wani gyara ya ɓata abu a koma jiya. A sani dai tsarin yake adanawa, ba takardun mutum ba. In wifi bai tashi ba, kamar yadda yakan faru da wasu na'urori masu kayan Broadcom, a haɗa tarho da kwamfuta ta waya, a buɗe rabon intanet, sa'an nan «Gestionnaire de pilotes» ya nemo abin da ya rage. Masu tsari biyu za su ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya. Ba lalacewa ba ce: Linux yana ajiye agogon na'ura bisa lokacin Greenwich, Nijar kuwa tana gaba da shi da awa guda.

A maimakon Word da Excel akwai LibreOffice, yana zuwa a ciki. Yana buɗe takardunsu, yana kuma ajiyewa da siffarsu in an zaɓi docx ko xlsx. Wasiƙa da rahoto da lissafi na yau da kullum ba su da matsala. Inda ake samun tuntuɓe shi ne manyan teburan Excel masu «macros», da shirye-shiryen lissafin kuɗi da aka yi don Windows kaɗai. Akantan da aikinsa ke kansu ya yi tambaya kafin ya share kome. In layukan wasiƙa suka goce, galibi rashin irin harafin ne: a ɗora Carlito da Caladea, faɗinsu ɗaya da Calibri da Cambria. Takardar da za ta tafi wata ma'aikata don a karanta kawai, a aika ta a PDF, ba abin da zai motsa.

Haruffa masu ƙugiya

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, sakatarorin da za a miƙa wa takardar Hausa su buga sai ƙaruwa za su yi. Duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya san «kafa» dabam, «ƙafa» dabam, haka «dauka» ba ta zama «ɗauka». A zamanin keken rubutu da alƙalami ake bi ana sa ƙugiya bayan an gama bugu. A Linux Mint, cikin saitin «Clavier», ana iya ƙara jerin haruffa na biyu, kuma a ciki akwai Hausa ta Nijeriya da Hausa ta Gana. Sai dai dukansu an gina su kan QWERTY, saboda haka mai AZERTY zai sha ɗan ruɗu.

Gare shi akwai hanya mafi sauƙi a LibreOffice. Kowane harafi yana da lambarsa: 0253 ta ɓ ce, 0257 ta ɗ, 0199 ta ƙ, 01B4 kuma ta ƴ, wadda ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya ke sa ɗigon sama kafin y. A rubuta lambar, a danna Alt da X tare, sai ta juye ta zama harafi. Manyansu su ne 0181, 018A, 0198 da 01B3. Wanda ba ya son haddace lamba ya shiga «AutoCorrection» sau ɗaya, ya koya wa na'ura kalmomin da ya fi bugawa, ta riƙa mai da «kasar» zuwa «ƙasar» da kanta. Ga masu shirya littattafan karatun manya kuwa, akwai irin harafi mai suna Andika, wanda ƙungiyar SIL ta zana musamman domin sababbin masu karatu, yana ɗauke da ƙugiyoyin nan duka. Ana samunsa kyauta a «Logithèque», ƙarƙashin sunan fonts-sil-andika.