Ranar Da Mashi Ya Rinjayi Bindiga A Isandlwana

Ran 11 ga watan Janairu na 1879 ne rundunar Ingila a ƙarƙashin Lord Chelmsford ta kutsa ƙasar Zulu, a kudancin Afirka, wai don Sarki Cetshwayo ya ƙi rushe rundunarsa cikin wa'adin kwana 30. Sharaɗi ne da babu sarkin da zai karɓa.

Chelmsford ya yada zango a gindin dutsen Isandlwana, amma saboda raini ko rami bai sa an haƙa ba. Ran 22 ga wata da asuba ya ɗebi kusan rabin sojojinsa ya tafi neman abokan gaba, alhali mayaƙan Zulu wajen 20,000 suna kwance shiru cikin wani kwari can kusa.

Da rana tsaka suka taso da dabararsu ta ƙahon bijimi: ƙirji ya tunkari bindigogi, ƙahoni biyu suka kewaye sansanin. Suka kashe mutum fiye da 1,300, har da baƙaƙen fata da Turawa suka ɗauka soja, waɗanda ba a cika tunawa da su ba.

Ingila ta aiko da ƙarin dakaru. Ran 4 ga Yuli aka ƙone Ulundi, fadar sarki, daga baya aka raba ƙasar gida 13.