Burodin Ayaba a Gida: Inda Rangwamen Yake da Inda Ake Tafka Asara

Duk wanda ya san kasuwar 'Yan Lemo ta Kano ya san ayaba ba ta jiran ciniki. Daga kudu ake lodo akasarinta, ta sha doguwar tafiya cikin zafi, kafin ta kwana biyu a kan tebur ɓawonta ya soma ɗige-ɗigen baƙi. Mai saye ya kau da kai, mai sayarwa ya karya farashi, abin da ya yi kwantai kuma ya tafi ga awaki ko juji. A gida ma haka take: da zarar ta yi tubus yara sun ƙi ta, uwargida ta zubar. Alhali wannan ayabar da ake ƙyama ita ce ta fi dacewa da burodin ayaba, kuma a jikinta ne duk arhar wannan burodi take. Wanda ya gane haka zai ci riba, wanda bai gane ba zai kashe kuɗin da ya fi na burodin kanti yana zaton tattali yake yi.

Dalilin a cikin ayabar yake. Ɗanyar ayaba sitaci ne ya fi yawa a jikinta, wajen kashi 20 cikin 100 na nauyinta. Yayin da take nuna, sitacin yana narkewa ya koma sukari, har ya zama saura kaɗan ne ya rage, shi ya sa mai baƙin ɓawo ta fi zaƙi, ta fi ƙamshi, ta fi sauƙin damewa. Ke nan ita da kanta tana biyan wani ɓangare na kuɗin sukari, laushinta kuma yana rage buƙatar mai da ƙwai. Asalin yaɗuwar burodin ma daga matsi ne. A Amurka ya bazu cikin shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, sa'ad da zubar da abinci ya zama abin da iyali ba za su iya ba, ga kuma bekin soda da bekin foda sun wadata a kantuna. Kamfanin fulawa na Pillsbury ya sa shi a littafin girkinsa na 1933. Daga baya ne aka yi ta ƙara masa bota da cakulan da 'ya'yan itatuwa masu tsada, har wasu suka ɗauka abincin masu hali ne.

Haɗin na asali ba shi da tarkace. Manyan ayaba 3 da suka nuna sosai, fulawa kofi 2, man gyaɗa sulusin kofi, ƙwai 1 ko 2, sukari rabin kofi ko ƙasa da haka, gishiri kaɗan, da bekin soda ƙaramin cokali 1. A dame ayabar da cokali mai yatsu, a zuba mai da ƙwai da sukari a juya, sannan a tankaɗo fulawar da aka riga aka gauraya da soda da gishiri. A nan ake yawan kuskure. Hannun da ya saba da kwaɓin fanke ko alkubus zai so ya yi ta bugu, amma wannan kwaɓin ba na yis ba ne, ba ya son bugu kuma ba ya jiran tashi. Da zarar farin fulawa ya ɓace a tsaya, a juye a gwangwanin da aka shafa wa mai, a sa a wuta nan take, domin soda tana fara aiki tun daga lokacin da ta jiƙa. Idan aka yi ta juyawa burodin zai fito da danƙo da nauyi. Cokali biyu na kindirmo yana taimakawa, don tsaminsa ne ke ƙara motsa sodar. Kada a yi dabarar musanya soda da kanwa: ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga wannan ƙulli zuwa wancan, kuma in ta yi yawa ɗaci ne zai biyo baya.

Wani zai ce ai duk wannan zancen masu oba ne. Ba haka ba ne, matan da ke gasa kek ɗin biki a tukunya sun daɗe da warware wannan. A zuba wankakken yashi busasshe ko gishiri a gindin babbar tukunya mai kauri, a rufe ta yi zafi na kamar minti 10, a ɗora gwangwanin a kai, a rage wuta sosai. Mai oba zai saita ta a digiri 175 zuwa 180 na kusan awa guda. Mai tukunya ya fi masa sauƙi ya raba kwaɓin a ƙananan gwangwanaye, waɗanda ke gasuwa cikin kusan rabin wannan lokaci, cin gas ko gawayi ya ragu. A soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito ba danƙo ya gasu. Ƙorafin da ya fi na rashin oba ƙarfi shi ne na tsadar fulawa, kuma gaskiya ne: Najeriya daga waje take shigo da mafi yawan alkamar da take ci, saboda haka faɗuwar darajar naira tun 2023 ta faɗa kai tsaye a kan mudun fulawa. Don haka ba wanda zai ce burodin ayaba ya maye gurbin burodin shayin kullum. Amma da yake ba ya dogara da yaukin alkama kamar burodin yis, ana iya cire kashi ɗaya cikin huɗu na fulawar a cike da garin dawa ko na masara mai laushi ba tare da ya ɓaci ba. Asara tana shigowa ne idan aka sayi lafiyayyar ayaba a cikakken farashi, aka ƙara bota da madarar gwangwani.

Sai dai arha ba ta halatta komai ba. Nuna daban, ruɓa daban. Baƙin ɓawo ba laifi ba ne muddin cikin yana da haske da ƙamshin ayaba. Amma wadda ta yi funfuna, ko take tsiyayar ruwa, ko take warin tsami, wuta ba za ta gyara ta ba, a zubar. Haka kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu nunar da 'ya'yan itace da kabaid, sinadarin nan da masu walda ke amfani da shi, wanda kan zo da gurɓin guba irin su asenik. Irin wannan ayaba takan yi rawaya fes a waje alhali kututturenta kore ne, cikinta da tauri, ba zaƙi. Ban da haɗarinta ga lafiya, ba ta da amfani a burodi, tunda sitacinta bai gama komawa sukari ba.

Gwangwanin gashi ma a duba shi. Wanda ya yi tsatsa ko ya taɓa ɗaukar fenti ko man inji bai dace ba, kuma kada a shimfiɗa leda ko jarida a cikinsa. Mai gashi da gawayi ya yi shi a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa, musamman da hunturu lokacin da ake rufe ƙofa da taga, domin gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa. Masu ciwon sukari su lura cewa sunan ayaba bai mai da burodin magani ba; fulawa ce da sukari, ko da ba a ƙara ko cokali ɗaya ba. Sannan burodi ne mai danshi, ba shi da sinadarin hana lalacewa. A bar shi ya huce sarai kafin a rufe, don gumin da zai taru a cikin leda shi ke kiran funfuna, kuma a zafin bazara, in babu firiji, a cinye shi cikin kwana 2.